Wata huɗu ina jin "oga bai sa hannu ba"

Akwai wata safiya da na zauna da littafin bashi a gabana, waya a hannu ina duba asusun banki, sai naga abun da ya ɗaure min kai. A littafi ina da kuɗi, kuɗi masu kauri ma, a asusu kuwa ko albashin yara ba zai fita ba, kuma watan nan fa shine watan da na fi yin ciniki tun da na fara sana'ar. Kaya sun fita, an karɓa, an sa hannu, har da ce min aikinka yana kyau, kuɗin ne dai suka ƙi fitowa.

Sana'ata ba wata babba bace, kwalaye da sitika muke bugawa muna kai wa kamfanoni masu zuba kayansu a ciki, mu shida ne har da ni. Wanda ya saba sayar wa ɗaiɗaikun mutane ba zai gane wannan ciwon ba, shi mutum ya miƙo kuɗi ka miƙa masa kaya kun rabu. Kamfani kuwa sai ka sayi takarda da tawada da kuɗinka, ka biya ma'aikata, ka biya mota, ka sauke kaya a sitonsu, ka kai inbois wato takardar neman biya, sannan a fara ƙirga maka kwana 30 ko 60, in ma an fara ƙirgawar kenan.

Babban kwastomana a lokacin wani kamfani ne da ba zan kama suna ba, shi kaɗai yana ɗauke kusan ɗaya bisa uku na abun da muke bugawa. Wanda ya shigar da ni manajan sayayya ne, mutum mai fara'a, in ka shiga ofishinsa har miƙewa yake ya tarbe ka, kuma duk yarjejeniyarmu a baki aka yi ta, yace min Malam mu ƙarshen wata muke biya, nace ba komai yallaɓai. Ban tambayi wane watan ba. Yanzu abun dariya ne amma wallahi haka akayi, ni a raina ƙarshen watan da na kai kaya, su kuma ashe ƙarshen watan da ke bin watan da inbois ya shiga kwamfutarsu suke nufi, toh ka kai kaya ranar 3 ga wata, ka ga kusan kwana 60 kenan tun kafin ma a ce an makara.

Wata na farko ya wuce, na biyu ya bi shi. In na kira sai yace ana kan aiki a kai. Sati na gaba oga ya yi tafiya. Na gaba oga ya dawo amma bai sa hannu ba. Akwai ranar da yace min an ma tura, in duba alat zuwa yamma, na yini da waya a hannu duk saƙon da ya shigo sai gabana ya faɗi, har na kwanta babu komai. Kuma abun haushin, duk cikin wannan je-ka-ka-dawo ɗin suna ci gaba da turo oda ni kuma ina ci gaba da bugawa ina kaiwa, don ina tsoron in nace a'a su koma wajen wani. Inbois ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama biyar.

Mai bani takarda da tawada kuwa kwana 14 yake ɗaga min ƙafa, shi bai san wani oga ya yi tafiya ba. Albashi baya jira, haya bata jira. Sai gashi ni da nake bin mutane kuɗi na fara zagawa neman rance. A haka na je wajen kawuna, wanda ya daɗe a harkar kwangila kafin ya ajiye, ya karɓi littafin ya buɗe ya yi ta kallo sannan yace ɗana kai ba ɗab'i kake yi ba, banki ka buɗe, bankin da baya neman jingina, kuma shi ke jin kunyar masu cin bashinsa. Ya ƙara da cewa kunyar mara kunya asara ce. Ya bani rancen dai, amma sai da ya sa na rubuta na sa hannu, yace in fara koyo daga nan.

Maganar ta min ciwo don gaskiya ce. Ni ke bin kuɗi amma in zan kira sai na fara da dan Allah yallaɓai kayi haƙuri na dame ka, kamar ni na ci bashin. Ina ganin in na matsa za a ce na cika son kuɗi, ko a gane ina cikin matsi a raina ni. Wani lokacin ma in ɗauki waya in ajiye, in ce bari a bar shi zuwa Litinin.

Ranar da inbois na farko ya cika kwana 112 na fasa kiran manajan, na kwashi kwafin komai na tafi da ƙafata. A bakin ƙofa nace ofishin akanta nake nema. Aka nuna min wani ɗan ɗaki can ta baya, wata mata ce a ciki da tulin fayil, wacce duk tsawon hulɗata da kamfanin ban ma san da ita ba. Na gaishe ta nace Hajiya wajenki nazo, ni ne mai kwali. Ta danna kwamfuta ta ɗan duba tace Malam inbois uku nake gani naka. Nace biyar ne Hajiya. Tace toh biyu basu iso nan ba. Da muka bi diddigi ɗaya yana cikin durowar manajan nan mai fara'a tun ranar da na miƙa masa, ɗayan kuma an mayar da shi sito saboda babu lambar oda a jikinsa, kuma ba wanda ya ga ya dace a gaya min. Cikin ukun da suka shiga ma an dakatar da ɗaya, wai adadin da ke kan inbois bai zo ɗaya da wanda mai sito ya rubuta ya karɓa ba, kwali 40 kacal ne bambancin, a kan kwali 40 aka riƙe kuɗin kwali dubbai.

A ɗakin nan na fara gane yadda kuɗi ke fita daga kamfani. Takarda uku ake haɗawa, ta odar da suka bayar, ta mai sito da ke nuna abun da ya shigo, sai inbois ɗinka. In ukun nan bakinsu bai zo ɗaya ba a adadi da farashi da lamba ba za a biya ba, kuma babu wanda aikinsa ne ya neme ka ya sanar da kai. Wanda ya sayi kayanka daban, wanda ya karɓa daban, mai shigarwa daban, mai sa hannu daban. Ni kuma wata huɗu ina ta kiran mutumin da aikinsa ya ƙare tun ranar da kaya suka sauka, shi damuwarsa kar kwali ya yanke musu aiki ya tsaya, shi yasa kullum yake lallaɓa ni da daɗin baki.

Sai Hajiyar nan, Allah ya saka mata da alheri, ta faɗa min wata magana da har yau nake juyawa. Tace su sau biyu a wata suke fitar da kuɗi, kwana uku kafin ranar take haɗa jerin waɗanda za a biya ta kai sama, kuma kuɗin da ake ware mata kusan kullum baya isar masu bi. Nace toh Hajiya ya kike zaɓa? Tayi dariya tace waɗanda in ba a biya su ba aiki zai tsaya, sai waɗanda suka addabe ni da kira, sai waɗanda muka san lauyansu na kusa. Ku masu haƙuri kuma sai a tura ku gaba, ai ba za ku yi faɗa ba. Ba da mugunta ta faɗa ba, aikinta take bani labari. Na fito ina ta lissafi, ashe haƙurin nan da nake taƙama da shi, wanda nake ganin shi zai sa su riƙe ni da daraja, shi ke mayar da sunana ƙasan takarda duk bayan sati biyu.

Da na koma na buɗe Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, nayi abun da ya kamata in yi tun ran gini. Duk wanda nake bi na rubuta sunansa da lambar inbois da ranar da ya kamata a biya, sai na raba su gida huɗu, wanda bai wuce kwana 30 ba, 31 zuwa 60, 61 zuwa 90, sai wanda ya haura 90. Akantoci sun daɗe suna wannan rabon, ba ni na ƙirƙiro ba, amma sai ka ga naka da idonka jikinka zai yi sanyi. Fiye da rabin kuɗina yana gida biyun ƙarshe. Shi kuma bashi in ya kwana biyu tauri yake ƙarawa, mai siton da ya karɓi kayan ya bar aiki, takarda ta ɓace, a fara cewa wai launin kwalin ma bai fito da kyau ba, maganar da ba wanda ya yi ta ranar da ake saukewa.

Akwai wani lissafi kuma da ya hana ni sake yin wasa. A ce ribarka 10 ce a cikin kowane 100 da ka sayar. Wani ya cinye maka 100, toh sai kayi sabon cinikin 1000, kuma a biya ka shi cas, kafin ka dawo inda kake. Da can na fi son in fita farautar sabon kwastoma don ya fi daɗi a rai, bin bashi kuwa in ta ɗaga shi kamar shan magani mai ɗaci, alhali kira ɗaya da ya fito da tsohon kuɗi ya fi oda goma amfani.

Da na fara bin mutane ɗaya bayan ɗaya sai naga ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Mafi yawa irin na farkon nan ne, takarda ce ta maƙale a wani teburi, kira biyu da sabon kwafi ya warware. Akwai mai ƙorafin da bai furta ba, yana jin an kawo masa abun da bai yi masa ba sai ya rama da riƙe kuɗi, shi wannan ka ware ɗan abun da ake gardama a kai ka ce a biya sauran tukuna. Akwai wanda da gaske babu, shi ma wani yake bi, bashi hanji ne yana cikin kowa, kuma zaka gane shi don baya ɓuya, yana ɗaga waya, yana turo ɗan abun da ya samu ko ba yawa. Sai mai taurin bashi na asali, yana da shi, kana gani ya ƙaro mota ya buɗe sabon reshe, kawai dai ya gano kuɗinka sun fi na banki arha ne. Ni kuma duk murya ɗaya nake musu, ta lallashi. Kawuna ya tuna min ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take da ajalinsa da shaidu, aya ta 280 kuma ita ce ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Yace kai ka riƙe ta saurarawa ka saki ta rubutu, kuma kana saurara wa wanda baya cikin ƙuncin komai.

Mu koma kan babban kwastoman. Na gyara inbois biyun nan na kai wa Hajiya hannu da hannu, ta sa min hannu da kwanan wata a kwafina, kwali 40 ɗin kuma nace a cire su kawai a huta. Aka biya ɗaya. Sauran huɗu shiru, sai ga sabuwar oda, babba, wai ana so cikin kwana goma. Daren nan banyi barcin kirki ba. Da safe na rubuta imel gajere, na sa manajan da Hajiya da shugaban sashen kuɗi duka a ciki, na jera lambar inbois huɗu da ranar kowanne da jimilla, nace mun ga odarku mun gode, za mu ɗora ta a inji ranar da biyun da suka fi daɗewa suka shigo, sauran biyun kuma a bamu rana a rubuce. Ba zagi, ba labarin albashi ko halin da nake ciki, layi shida ne duka. Na danna tura hannuna na rawa.

Ko awa biyu ba ayi ba manajan ya kira, yau kam babu fara'a. Malam haka za muyi da kai, duk zumuncin nan? Nace yallaɓai zumuncin ne yasa na kai wata huɗu, takarda zan saya in yi muku aikin, kuma kuɗin takardar yana wajenku. Yace akwai masu bugawa da yawa fa. Nace haka ne ranka ya daɗe. Nayi shiru, shirun nan kuwa ya fi min rubuta imel ɗin wuya, bakina har ƙaiƙayi yake in ce shikenan bari in yi muku wannan ɗin. Amma abun da na sani shi ma ya sani, sabon mai bugawa sai an yi masa farantin bugu na inji, an gwada launi, an aiko samfur an amince, ba abun kwana goma bane, kuma ba lallai ya yarda ya fara da bashi ba. Ranar Alhamis alat biyu suka shigo.

Sandar da ƙaramin ɗan kasuwa ke da ita kenan, kaya na gaba, kuma tana duka ne kawai lokacin da ake buƙatarka. In ka bari sai sun gama kwashe duk abun da suke so sannan ka fara ɗaga murya toh iska kake wa faɗa. Sai dai in akwai kwangila a rubuce da ta ɗaure ka da kawo kaya, ka karanta ta da kyau kafin ka tsayar, kar mai bin bashi ya wayi gari shi ake ƙara.

Sauran biyun aka raba su biya huɗu, na kuma nace sai an rubuta, kamfani kaza ya amince ana bin sa kaza, zai biya kaza ranar kaza, sa hannu da hatimi. Takardar nan ta fi ƙarfin yadda take a ido. Ta kashe gardamar launi da adadi, wanda ya sa hannu cewa ana bin sa ba zai dawo gobe yace kaya basu yi ba. Sannan bashi yana da wa'adi a doka, in ya wuce kotu ba zata saurare ka ba, a Ingila misali shekara 6 ne, amma in wanda ake bi ya amsa a rubuce ko ya biya wani abu daga ciki sai a sake fara ƙirga daga ranar. Kowace ƙasa da nata wa'adin, tambaya ɗaya ce wajen lauya.

Da abun ya ishe ni na shiga karance-karance, sai naga ashe ciwon na duniya ne har ƙasashe sun yi masa doka. Birtaniya tun 1998 take da dokar da ta ba ɗan kasuwa damar ɗora kuɗin ruwa a kan kamfanin da ya makara, kashi 8 a saman ma'aunin kuɗin ruwa na babban bankin Ingila, da wani ƙayyadadden kuɗin wahala, fam 40 ko 70 ko 100 gwargwadon girman bashin, in kuma ba a tsayar da rana ba toh kwana 30 ne. Tarayyar Turai a 2011 tace tsakanin kamfani da kamfani kar a wuce kwana 60 sai in an yi yarjejeniya ƙarara wacce babu danniya a ciki, hukumomin gwamnati kuma kwana 30, da aƙalla yuro 40 na wahala. Indiya ta fi su zafi, dokarta ta 2006 tace ƙananan masana'antu a biya su cikin kwana 45, in an wuce ruwan sai ya ninka ma'aunin babban bankinsu sau uku. A ganina dai doka bata cire wa ƙarami tsoro, wanda ke fargabar rasa kwastoma da wuya ya aika masa takardar tara. Ni kam kuɗin ruwa bana karɓa, addinina ya hana, abun da na tsinta a karatun kwanakin ne, 30 da 45 da 60. Yanzu in wani yace min su kwana 90 suke biya kuma kowa ma haka yake yi, na san ba kowa ba.

Na gwada ragi ma na ɗan lokaci, ka biya cikin kwana 10 a rage maka kashi 2, in ba haka ba ka biya cikakke a kwana 30. A ido kashi 2 ba komai bane. Amma kwana 20 kawai ka saya da shi, kwana 20 kuma sau 18 ne a shekara, ka ga kamar kashi 36 kenan kake bayarwa baka sani ba. Wanda ya fi bani haushi wani ne da ya cire kashi 2 ɗinsa ya kuma biya a kwana na 50, na soke tsarin a ranar. Akwai kuma kamfanonin kuɗi masu sayen inbois, su baka mafi yawan kuɗin yanzu su karɓa wajen kwastoma daga baya su cire ladansu, sai dai a yawancin irin yarjejeniyar in kwastoman ya ƙi biya kai za a dawo wa.

Lauya sau biyu na kai ga ɗauka. Na farko takardarsa kawai, mai ɗauke da sunan ofishinsa, da tace a biya cikin kwana 14 ko a haɗu a kotu, ita ta fito da kuɗin a kwana tara daga mutumin da ya yi wata bakwai yana ce min gobe. Amma kar ka rubuta abun da ba zaka aikata ba, in kace kotu ranar kaza ranar tazo ta wuce baka motsa ba, ka koya masa kenan cewa barazanarka ta baki ce. Na biyun sai da muka je kotun, irin ta ƙananan ƙararrakin kuɗi da ƙasashe da yawa ke da ita, mai sauƙin kuɗi da sauri, kuma alƙali bai tambaye ni zumunci ba, oda ya nema da takardar karɓar kaya da inbois da saƙonnin WhatsApp inda mutumin da kansa yake roƙon a ƙara masa sati. Nayi nasara, amma hukunci takarda ce, karɓo kuɗin wani sabon aiki ne, sai da aka kai ga umarnin a cira daga asusunsa na banki. In ka tabbata babu komai a hannun mutum toh kuɗin lauyan ma asara ce a kan asara.

An yi ta bani shawarar in kai wani wajen 'yan sanda ko in tona masa asiri a Facebook, ban yi ko ɗaya ba. Bashin ciniki in ba damfara a ciki rigimar kuɗi ce tsakanin ɓangare biyu, ba laifin da ake tsare mutum a kai bane, tonon asirin kuma yana iya juyewa ka koma kai ake tuhuma da ɓata suna, ga sauran kwastomominka na kallo suna auna yadda zaka yi musu ranar da tasu ta taso.

Akwai dai wanda ban samu ba kuma ba zan samu ba. Kamfani ne mai suna, ofis mai kyau, kuma alamu duk sun bayyana ni ne na ƙi gani, ya fara biya rabi-rabi, an canza akanta sau biyu, cak ɗinsu ya dawo, sannan oda ta ƙaru ba gaira ba dalili, ashe wasu ne suka daina basu kaya shi yasa suka tattaro gaba ɗaya wajena. Ni ganin girman sunan nace irin waɗannan basa faɗuwa. Carillion ma ai suna gare shi, na biyu a girma cikin kamfanonin gine-gine na Birtaniya, ga kwangilolin gwamnati, yana sa masu kawo masa kaya jiran kwana 120, ya rushe a Janairun 2018 ya bar kusan 30,000 suna bin sa. In kamfani ya rushe layi ake yi, banki mai jingina a gaba, ma'aikata ma a mafi yawan wurare suna gabanka, irinmu masu inbois kawai a hannu mu ne a wutsiya. Nawa kwastoman wata Litinin naje na tarar da kwaɗo a ƙofa.

Lauyan yace min da na sa sharaɗin cewa kaya nawa ne har sai an biya, da wataƙila na kwaso su, sharaɗi ne sananne tun wata shari'a ta 1976 a Ingila inda wani kamfanin Holan ya yi nasara a kan alminiyon da ya sayar wa kamfanin Romalpa bayan Romalpa ɗin ya durƙushe. Nace Barista kwalin da aka buga sunan wani a jikinsa wa zan sayar wa? Ga mai sayar da ƙarfe ko inji dabara ce mai kyau, ni kuwa babu abun da zai tsare ni sai kafin alƙalami. Yanzu sabon kwastoma rabi yake ajiyewa kafin a taɓa inji, kuma kowa yana da iyakar da bashinsa ba zai haura ba komai daɗin odarsa. Wasu sun tafi saboda haka, biyu daga cikinsu naji labarin wanda suka koma wajensa yana ta neman su.

Duk Talata da safe kafin in shiga wajen inji teburin nan na Excel nake buɗewa. Kwana biyar kafin ranar biya nake kira, ba bayanta ba, in tambaya inbois ya shiga kuwa, akwai abun da ya rage, wace rana ce za a fitar, wa zai sa hannu. In an ce min sati mai zuwa sai in ce wace rana a cikinsa, in an faɗa in tura saƙo a rubuce cewa kamar yadda mukayi magana ranar kaza ce. Babban kwastoman nan har yanzu muna tare, manajan ya dawo da fara'arsa kamar ba ayi komai ba. Satin da ya wuce Hajiya ce ma ta kira ni da kanta, tace Malam lambar odar da ka rubuta akwai lamba ɗaya da ta faɗi, ka gyara ka turo kafin Laraba don ranar nake haɗa jerin.